Budurwar Magajiya da Ƙarfen Bayan Ɗaki

A unguwar Magajiya, cikin birnin Suleja ta Jihar Neja, akwai wani gida mai zaure ɗaya da itacen mangwaro a tsakarsa. A bayan ɗakin girkin gidan, inda ake jingine tsofaffin kwanukan rufi da karyayyun kujeru, akwai wani sandan ƙarfe wanda aka cusa kowane bakinsa cikin gwangwanin fenti, aka cika gwangwanayen da kwaɓaɓɓen siminti. Babban ɗan gidan ne ya haɗa shi, zamanin da samarin unguwa suka ɗauki yayin ɗaga ƙarfe. Da ya sami aiki a Abuja ya koma can da zama, sai ya bar shi nan, ruwa ya doke shi, rana ta doke shi, har shekara uku ba wanda ya waiwaye shi. To, wannan ƙarfe da ko ɗan gwangwan ba zai yi ɗokin saye ba, shi ne yau ya tsayar da maganar auren autar gidan, ya kuma raba dangi gida biyu.

Ga yadda abin ya faro. Wata rana uwar gidan ta wayi gari bakinta ya karkace, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun ƙi motsi. Hawan jini ne ya kayar da ita. Aka yi kwanaki a asibiti, aka sallamo ta da magunguna da umurnin a riƙa motsa mata gaɓoɓi. Yayyen Auta mata uku duk suna ɗakunan mazajensu, maigidan kuwa shekaru sun ja. Saboda haka jinya ta faɗa kan Auta, tana da shekara 22. Ita ke tayar da uwar daga gado ta zaunar da ita, ita ke kai ta makewayi, ita ke yi mata wanka ta mai da ita. Duk wanda ya taɓa jinyar babban mutum ya san jikin da ba ya iya taimakon kansa ya fi buhu wuyar ɗauka, domin buhu in ya suɓuce sai a sake ɗauka, uwa kuwa ba a yarda ta suɓuce. Kafin wata biyu bayan Auta ya riƙe, har ruku'u ya zama mata aiki.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa duba uwar ita ce ta lura da yadda yarinyar ke dafa ƙugu. Ta nuna mata yadda ake ɗaukar nauyi: a matso kusa da shi, a lanƙwasa gwiwa, a miƙar da baya, a bar cinyoyi su yi aikin. Ta kuma gaya mata gaskiya, cewa jinyar nan mai tsawo ce, in ba ta ƙarfafa bayanta da cinyoyinta ba, nan gaba kaɗan majinyata biyu za a samu a gidan. A daren nan Auta ta tuna da ƙarfen yayanta.

Da farko ko gwiwa ba ta iya kai shi. Bayan sallar asuba, kafin a buɗe zaure, sai ta zagaya bayan ɗakin girki da doguwar rigarta ta yi ta fama. Wata uku, ciwon baya ya tafi. Wata shida, tana ɗaukar uwarta cak, ba nishi, ba kiran maƙwabta, masu zuwa dubiya suna ta sa mata albarka. Da a nan ta tsaya, da ba a ji labarin ba. Amma fa ba ta tsaya ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Yarinyar ta ji daɗin abin. Ta ga abin da ya gagare ta jiya, bayan mako biyu ya bi, jikinta na amsa mata kamar dokin da ya san mai shi. Ta sa wani yaro ya kai ƙarfen sikelin 'yan gwangwan, aka ce kilo 24 ne. Ta sayi awon siminti ta haɗa wani wanda ya fi shi.

Asiri ya tonu a gidan biki. Mai ƙunshi ta kama hannunta za ta zana mata lalle, ta tura hannun riga sama, ta tsaya, ta matsa damtsen, sa'an nan ta ɗaga murya ta ce, "Ke 'yar nan, dambe kike yi ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai yaranta sun daɗe suna leƙowa ta katanga suna ba ta labari, ita ce ba ta yarda ba. Kafin a watse, labari ya riga kowa isa gida, kuma kamar yadda aka saba ya yi ƙiba a hanya. Ƙarfen kilo 24 ya zama injin mota, wasu suka ce da hannu ɗaya take ɗagawa, wasu suka ce ba ita kaɗai ba ce, akwai mutanen ɓoye tare da ita.

Auta kuwa tana da manemi, malamin makaranta, mutumin kirki, an riga an kai kuɗin gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Bayan kwana huɗu gwaggonsa ta yi sallama a gidan. Ta gaida mai jiki, ta yi addu'a, ta sha ruwa, sa'an nan ta nemi ganin maigidan. Ba ta ɗaga murya ba, dattijuwa ce mai sanin ya kamata. Cewa ta yi, "Malam, ba mu zo da sharri ba, amma hankalinmu bai kwanta ba." An gaya musu ɗaga ƙarfe na zazzago da mahaifa, su kuwa suna son jikoki. Sa'an nan zaman aure zo mu zauna zo mu saɓa ne, ranar da aka saɓa, wa zai ƙwaci ɗansu a hannun mace mai irin wannan damtse? Abin da ta ce ya fi damunta kuwa, mace da taushi aka san ta, in ta murɗe kamar ƙato, me ya rage? Ta roƙi a dakata da sa rana har yarinyar ta bar wannan abu, jikinta ya koma yadda yake.

Mai karatu zai iya yi wa gwaggon nan dariya, amma bai kamata ba, gama abin da ta faɗa a fili shi ne abin da jama'a da yawa ke faɗa a ɓoye, 'yan boko da 'yan kasuwa. Abin da ya kamata a duba shi ne hanyar da ta biyo kafin ta iso gidan. Duk wanda ya fito titin Suleja da sassafe zai gamu da matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna shigowa daga ƙauyuka da itace ko doya bisa kafaɗa, domin su a al'adarsu ba a ɗora wa kai kaya. Zai ga 'yan mata ɗauke da jarkar ruwa mai lita 25, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce, watau kilo 25 ke nan ban da jarka, ya fi ƙarfen Auta na farko nauyi. Sandan da mata ke amfani da shi a gasar duniya, kafin a sa masa faifai ko ɗaya, kilo 15 ne kacal. In ya bi motar ma'aikata zuwa Abuja, zai ga mata a wuraren gine-gine suna hawa bene da kwanon kankare a ka, daga safe har la'asar. Ba a cika jin wanda ya tare ɗaya daga cikinsu ya ce ta ji tsoron mahaifarta ba. Ba a fasa auren yarinya don ta iya daka. A da ma wadda ta iya luguden taɓarya yabonta ake yi, uwayen samari na nuna ta da baki.

Ashe ke nan ba ƙarfin ake ƙi ba. Gari ya daɗe yana ci yana sha daga ƙarfin mata. Abin da ke ta da hankali shi ne a ga ƙarfin ya fito fili ya zauna a damtse, kuma a ji cewa mai shi da kanta ta neme shi, ba talauci ya ɗora mata ba, ba wani ya aike ta ba. Namiji in ya yi ƙwanji makaɗa ke bin sa, kamar yadda Ɗan Anace ya bi Shago da waƙa har sunansa ya cika ƙasar Hausa. Auta kuwa, muddin tana ɗaga uwarta 'yar albarka ce, ranar da aka ji tana ɗaga siminti don tana so sai ta zama abin tsoro. Alhali hannun nan ɗaya ne, kuma simintin ne ya sa take iya ɗaga uwar.

Wannan ƙyama tana da tushe mai zurfi a tarihi. A zamanin da, noma da ɗebo itace da ɗauko ruwa daga rafi aikin kuyangi ne da matan talakawa, matan masu hali kuwa suna cikin kulle. Turawan mulki sun fara taƙaita bauta a Arewa a 1901, ba a kashe ta gaba ɗaya a doka ba sai 1936. Masana da suka bi diddigin abin da ya biyo baya, kamar M. G. Smith a ƙasar Zazzau da Barbara Cooper a Maraɗi, sun nuna cewa mata da yawa da suka fita daga bauta sun nemi su bar gona su shiga gida, domin zaman ɗaki ya zama shaidar 'yanci. Daga nan taushin tafin hannu ya zama tuta, yana shelar cewa mai shi tana cikin hutu, mijinta ya isa, ubanta ba matsiyaci ba ne. Hannun da ya yi kanta da damtsen da ya murɗe kuwa suka zama tambarin wahala. Har yau in amarya ta yi ƙiba bayan wata uku sai a ce hutu ya karɓe ta, a yaba wa ango. Saboda haka rabin maganar gwaggo, ko ta sani ko ba ta sani ba, tsoro ne kada a ce ɗansu ya auro 'yar wahala.

Wadda ta fi kowa gane wannan ita ce kakar Auta ta wajen uwa, tsohuwa da ta haura shekara 80, wadda ta yi 'yammatancinta tun garin yana amsa sunan Abuja. Da labari ya iske ta sai ta sa aka kawo ta, ta zauna gindin mangwaro, ta kira jikar. "Zo nan, kishiya, in ga abin da ya hana mutane barci." Ta matsa damtsen, ta taɓe baki, sa'an nan ta janye mayafi ta nuna nata hannun, wanda har yau jijiyoyi ke kwance a kansa kamar saiwa. Ta ce a gidan da aka kai ta aure ba famfo, ba injin niƙa kusa; kullum sai ta sauka rafin Iku da tulu sau biyar ko shida, ta dawo ta yi surfe da daka na gidan da ke ciyar da mutum talatin. Ta haifi tara, kuma ranar da ta haifi uwar Auta, da hantsi tana bakin turmi. Game da dukan miji kuwa dariya ta yi har da tari, ta ce macen da ta yi niyya ba ta jiran ƙarfe, muciya ma ta ishe ta, kuma ta san mata biyu sirara kamar sillen kara da suka yi hakan.

Auta ta ɗauka ta sami mai goya mata baya. Sai tsohuwar ta juyo ta ce, "Amma ke ma ba ki da hankali. Mu dole ta sa mu. Muna daka muna roƙon Allah kada jikokinmu su ga irin wannan rana. Allah Ya amsa, Ya kawo famfo, Ya kawo inji, ke kuma kin je kin sayo wahalar da kuɗinki." Wannan magana ta fi ta gwaggo nauyi, domin ta fito daga bakin wadda ta sayi ƙwanjinta da ƙuruciyarta. A idon tsohuwar, taushin hannun jikarta shi ne ladan wahalar da ta sha, yarinyar kuma ta ɗauki ladan ta zubar. Da Auta na da bakin faɗa, da ta ce akwai bambanci tsakanin kayan da aka ɗora wa mutum da wanda ya ɗauka da kansa, ya ajiye sa'ad da ya ga dama. Amma ba a faɗa wa kaka irin wannan, ko da wasan jika.

Abin mamaki, in akwai garin da bai kamata ƙarfin mace ya zama baƙo a cikinsa ba, to, Suleja ce. Ko sunan unguwar ma, Magajiya, sarautar mata ce a ƙasar Hausa, da ita ake kiran sarauniyar Daura ta zamanin da, Magajiya Daurama. Sarautar garin kuwa ta Zazzau ce. Sarki Muhammadu Makau ya baro Zariya zamanin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, sai bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a 1976 aka ba wa birnin sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Watau mutanen nan magadan daular da ta fitar da Sarauniya Amina ne, wadda ake jingina mata ganuwoyi da yaƙe-yaƙe, aka sa wa makarantar 'yan mata a Kaduna sunanta. Ana koya wa yara a aji cewa mace ce mai kamar maza, su tafa. In yarinya ta fito daga ajin ta yi kama da maza ko da a damtse ɗaya, sai a kira taron dangi. A garin nan ne kuma Ladi Kwali ta yi suna. Ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe, a 1954, mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Duk wanda ya taɓa ganin ana haƙo yumɓu, a daka shi, a kwaɓa, a gina randa, ya san ba da hannun lalle ake wannan aiki ba. Hotonta na bayan takardar naira 20 yana yawo a kasuwa kullum, ba wanda ya tsaya ya ce hannuwanta sun yi kauri.

Kada kuma a ɗauka Hausawa kaɗai ke da wannan ra'ayi. Maza sun fara gasar ɗaga nauyi a wasannin Olamfik tun na farko, a ƙasar Girka a 1896, amma ba a yi gasar duniya ta mata ba sai 1987 a Amurka, ba a kuma bar su shiga Olamfik ba sai a Sidni ta Ostireliya a shekarar 2000. Shekara 104 ke nan ana ba da irin hujjojin gwaggo, da Turanci. To, a wannan karon farko 'yar Nijeriya, Ruth Ogbeifo, ta ciwo lambar azurfa a ajin kilo 75. Jimillar ɗagawarta biyu kilo 245, watau kusan buhun siminti biyar, daidai da abin da 'yar Kolombiya da ta ci zinariya ta ɗaga. Nauyin jiki ne kawai ya raba su. Maryam Usman ta zo ta biyar a Bejin a 2008, daga baya aka gano biyu daga waɗanda suka sha gabanta sun yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ba ta lambar tagulla, ta kuma ci zinariya a gasar ƙasashe renon Ingila a Gilasgo a 2014. A 2024 Nijeriya ta tura 'yan wasa Olamfik a Faris, suka dawo hannu Rabbana, ko tagulla babu. Bayan 'yan makonni aka yi gasar naƙasassu a birnin, zinariya biyu da ƙasar nan ta samu duka mata masu ɗaga nauyi ne suka ciwo, Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo, ta biyun ta ture kilo 167 daga ƙirjinta tana kwance. An kaɗa taken ƙasa saboda su, jama'a sun yi murna. Da ɗayarsu 'yar unguwar Magajiya ce, wataƙila da an yi murnar, sa'an nan a dakatar da sa ranarta.

Duk da haka, ba duk damuwar iyaye ce ta banza ba. Maganar sutura gaskiya ce. Irin gasar da ake tsayawa a dandamali ana nuna murɗewar jiki da ɗan ƙyalle, wadda hotunanta ke yawo a wayoyin samari, ita mutane ke gani a ransu da zarar an ce mace na ɗaga ƙarfe, kuma da wuya a sami uba a nan da zai so 'yarsa a can. Amma wannan wasa dabam, ɗaga nauyi dabam. Tun 2011 hukumar ɗaga nauyi ta duniya ta yarda mace ta shiga gasa da suturar da ta rufe hannuwa da ƙafafu, bayan ƙorafin wata Musulma 'yar asalin Pakistan, Kulsoom Abdullah. Sara Ahmed ta Masar ta ciwo tagulla a Rio a 2016 kanta a rufe, ta ƙara da azurfa a Faris a 2024. Maganar ƙwayoyi ma gaskiya ce. A Gilasgo ɗin nan da Maryam ta yi nasara, an ƙwace zinariyar wata 'yar Nijeriya mai shekara 16 saboda abin da aka samu a jikinta. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka su ke kaurara muryar mace, su fito mata da gemu, su rikita mata al'ada. In babu su, jikin mace ba ya murɗewa irin na ƙato, gama sinadarin da ke gina tsoka ya fi yawa a jikin namiji ninki goma ko fiye.

Maganar mahaifa kuwa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, sai dai an ɗora ta inda ba nan ne wurinta ba. Likitoci sun san cewa yawan haihuwa, da doguwar naƙuda, da yawan ɗaukar kaya masu nauyi, tun ba jim kaɗan bayan haihuwa ba, suna cikin abubuwan da ke sa mahaifa ta zazzago. Wadda ta fi shiga wannan haɗari ita ce mai jegon da ta koma rafi da jarka ko daji da gatari kafin ta yi arba'in, watau matar nan da kowa ke wucewa a hanya ba ya ko kallo. Budurwar da ke ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, da tsari, tana hutawa in ta gaji, lamarinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya kamata ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mata ma sun fi bukata, domin ƙashinsu kan yi rauni bayan sun daina al'ada, ɗaukar nauyi kuwa na cikin abin da ke riƙe shi. Yanzu da inji ya karɓi daka, 'yan garuwa suka karɓi tulu, matan birni da yawa sun sami hutun da kaka ta roƙa musu, tare da shi kuma ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa suka sami wurin zama.

Maigidan, da abin ya dame shi, ya tafi wurin limamin unguwa bayan sallar isha'i. Liman ya saurara, ya tambaya ko yarinyar na fita waje da wannan abu, aka ce a'a; ko tana cuɗanya da maza, a'a; ko ta bar salla ko jinyar uwarta, a'a. Ya ce to shi bai ga inda shari'a ta hana ba. Ya tuna masa cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Asma'u 'yar Abubakar takan ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu mai nisa, cewa dutsen niƙa ya bar shaida a hannun Nana Faɗimatu. Amma ya ƙara da cewa zaman lafiya da surukai shi ma abin nema ne, kuma abin da shari'a ta halatta ba lalle ne gari ya haɗiye shi rana ɗaya ba. Watau dai ya mayar masa da kayansa.

Manemin ya zo zaure ran Juma'a da dare, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ni wallahi ban ga aibu ba. Na ga yadda take ɗawainiya da Inna." Sai dai gwaggon nan ita ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, ba zai iya tsallake maganarta ba, ya roƙi a ba shi lokaci ya lallashe ta. Da uban ya kira Auta kuwa, ba ta yi gardama ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, in ka ce in bari, na bari yau. Sai dai a gaya mini wanda zai riƙa ɗaga Inna in jikina ya koma yadda suke so." Uban ya yi shiru. Yayyenta mata biyu suna bayan gwaggo, suna cewa kada a rasa miji saboda gwangwani. Ta ukun da babban wan suna bayanta, shi har ya aiko daga Abuja cewa zai sayo mata ƙarfe na gaske, aka ce ya rufa wa mutane asiri. An tattauna damtsenta a zaure uku da ɗakuna ba adadi, amma tambayar da ta yi ba wanda ya ɗauka, haka kuma ba wanda ya tambayi wa zai karɓi jinyar ranar da aka kai ta ɗakin miji.

Har yanzu ba a sa rana ba, ba a kuma mayar da kuɗin gaisuwa ba. Maigidan bai ce ta bari ba, bai ce ta ci gaba ba. Abin da aka lura da shi kawai, wani ya shimfiɗa tsofaffin buhuna biyu a bayan ɗakin girki, daidai inda gwangwanayen ke sauka, don kada ƙararsu ta tsallake katanga. Sa'an nan tsohon, wanda a da yana dawowa daga masallacin asuba yake wucewa ciki kai tsaye ya nemi kokonsa, yanzu yakan zauna a zaure da carbinsa, ya daɗe, sai ya ji bayan ɗaki ya yi tsit, sa'an nan ya yi gyaran murya ya shiga.